Dafadukan sosej da wake da dankali: leda ɗaya ta ciyar da mutum shida

Leda ɗaya ta sosej, irin mai sanda takwas zuwa goma, in aka soya ta zalla aka zuba a faranti, yara uku sun isa su tashi da ita kafin shayi ya huce. Ledar nan dai, in aka haɗa ta da wake da dankalin turawa da kayan miya a tukunya guda, sai ta ƙosar da mutum shida har a samu na ɗumame. Girki ne da ya shahara a gidajen Ingila, inda suke kiransa kasarol: a soya sosej, a haɗa shi da albasa da tumatir da wake, a rufe a bar shi ya dahu a hankali. A wajenmu dafaduka ce mai kaurin romo, kuma kusan duk kayanta suna nan a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti a cikin garin Bauchi. Sosej ɗin ne kawai sai an leƙa manyan shaguna ko wajen masu sayar da kaji da kifi na firiza.

Uwargida, ki ɗauki sosej a wannan girki a matsayin kayan ɗanɗano, kamar yadda kike ɗaukar busasshen kifi a miyar kuka. Shi zai ba tukunya maiƙo da gishiri da ƙamshin nama, wake da dankali su za su cika ciki. Duk aikin da za ki yi na tatso ɗanɗanon ɗan naman nan ne ya ratsa sauran kayan, don nan arahar take.

Wane sosej za ki saya

Iri biyu ake samu, kuma girkinsu ba ɗaya ba ne. Na farko dafaffe ne, siriri mai santsi, launinsa ja-ja ko ruwan hoda, yawanci na kaza ko na shanu. Tun a kamfani aka dafa shi, shi ya sa ba ya son daɗewa a wuta. In ya yi rabin awa yana tafasa sai ya kumbura ya tsage, ɗanɗanonsa ya tsere cikin ruwa, ya bar ki da abu lagwab marar armashi. Shi ya fi araha kuma ya fi samuwa. Na biyu ɗanye ne, ya fi kauri, in kin duba ta cikin fatarsa za ki hango niƙaƙƙen nama da ɗigo-ɗigon kitse. Wannan yana jure doguwar dahuwa, ya fi ba da romo mai daɗi, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake ajiye shi ba. Gala da ire-irenta da ake tallarsu a tasha ba su cikin wannan lissafi. Fulawa ce aka naɗe ɗan nama a ciki, in ta shiga romo narkewa za ta yi.

Kafin ki biya kuɗi ki juya bayan ledar ki karanta. A ƙasashen Turai yawancin sosej da naman alade ake yin sa, wani kuma ko da na shanu ne, fatar da aka ɗura shi a ciki ta hanjin alade ce. In kin ga an rubuta pork ko hog casing, ki mayar da shi inda kika ɗauko. Ki nemi wanda aka bayyana cewa na shanu ne ko na kaza, mai alamar halal, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adinsa.

Matsalar da ta fi wannan yawa a garuruwanmu ita ce ta wuta. Yau firiza ta yi sanyi, gobe a ɗauke wuta kaya su saki, jibi su sake daskarewa, ranar da ke jikin leda kuwa tana nan ba ta canja ba. Don haka ki duba da idonki. In akwai dunƙulen ƙanƙara ko daskararren ruwa mai launin jini a ƙasan ledar, kayan sun taɓa narkewa. In ledar ta kumbura ta cika da iska, ki bar ta. Bayan kin buɗe a gida, in kin ji yauƙi a jikin sosej ɗin, ko warin tsami, ko kin ga ya koma toka-toka ko kore-kore, zubarwa za ki yi. Wankewa da tafasawa ba sa gyara lalataccen nama. Wani sosej ɗin kuma kowace sanda a cikin siririyar leda take, mai kama da fatarsa. Ki ɗan tsaga bakin ɗaya da wuƙa ki ja, in ta saluɓe a haɗe to roba ce, sai ki cire su duka kafin su ga wuta.

In bai samu ba, ki yi naki

Sosej ba komai ba ne illa niƙaƙƙen nama da kitse da gishiri da aka murza har suka haɗe, kuma wannan girkin ba ya buƙatar fata. Na gida ya fi na leda ƙamshi, kin kuma san abin da ke ciki.

Ki ce wa mahauci ya ba ki rabin kilo: giram 400 jan nama, giram 100 kitse ko tozo. Kada ki rage kitsen don gudun maiƙo. In ya gaza kashi ɗaya cikin biyar, sosej ɗin bushewa zai yi ya zama garas-garas a baki. A niƙa miki a inji mai tsabta, ko ki sassara da wuƙa ƙanana-ƙanana ki kirɓa a turmi. Ki zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, wato kimanin giram 8 zuwa 9, da masoro rabin cokali, garin citta rabin cokali, tafarnuwa ƙwaya uku dakakku, kanumfari biyu, da ɗan barkono gwargwadon bakin mutanen gidan. Sai garin busasshen burodi babban cokali huɗu da ruwa mai sanyi ƙarara babban cokali huɗu. Burodin yana riƙe ruwan naman, yana kuma ƙara auki.

Murzawar ita ce aikin. Ki sa hannu ki yi ta cuɗawa kina dannawa minti huɗu zuwa biyar. Gishiri yana jawo wani sinadari mai danƙo daga cikin tsokar naman, shi ne ke haɗe komai. Ki gwada: ki ɗebi ɗan curi ki manna a tafin hannunki ki kifar da hannun. In ya tsaya bai faɗo ba, ya yi. In ya faɗo, ki ci gaba, don irinsa ne ke wargajewa a cikin romo ya koma dagargajen nama. Ba a buƙatar ƙwai.

Sanyi ma yana da muhimmanci, musamman a zafin Maris da Afrilu. In naman ya ɗumama, kitsen zai narke ya shafe hannunki maimakon ya zauna a cikin curin. Ki ɗora kwanon a cikin wani babba mai ƙanƙara, ko ki yi aikin da sassafe da zarar an kawo naman. Ki soya ɗan guntu ki ɗanɗana gishiri kafin ki mulmula sauran. Sai ki jiƙa hannu, ki mulmula su tsawon yatsa, kaurin babban yatsa, za ki samu kamar goma sha biyu. Su huta rabin awa a firji ko a kan ƙanƙarar nan.

Kayan tukunya na mutum shida

Sosej giram 400 zuwa 500. Farin wake gwangwanin madara biyu. Dankalin turawa matsakaita takwas, abin da zai kai kusan kilo ɗaya. Albasa manya biyu, tumatir shida, tattasai uku, attaruhu biyu, tumatirin leda ko na gwangwani ƙarami mai giram 70, karas uku, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta rabin yatsa. Man gyaɗa babban cokali huɗu. Kori da tayim ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya, ganyen bay biyu in akwai, dunƙulen magi ɗaya tak. Daddawa ƙwaya ɗaya ƙarama ba ta cikin girkin na asali, amma tana ɗaga ɗanɗanon wake ta yadda ba za ki nemi ƙarin dunƙule ba. Lawashi ko koren tattasai na ƙarshe.

Dankalin da ake kawowa daga Filato, wajen Bokkos da Mangu, shi ke cika kasuwannin Bauchi, ki zaɓi mai tauri wanda bai fara tsiro ba. Duk inda ya yi kore ki yanke ki yar, ɗaci ne da shi kuma yana ɓata ciki. Tumatir kuwa da rani ne yake araha, lokacin da na fadama ya shigo. In damina ta faɗi ya yi tsada, ki koma kan kauɗa, wato busasshen tumatir: ki wanke ta sau uku saboda yashi, ki jiƙa a ruwan zafi rabin awa, ki markaɗa da tattasai. Launin zai fi duhu, ɗanɗanon kuwa ba ya raguwa.

Tukunya mai kaurin gindi kike so, mai murfin da ke rufuwa ruf. Siririyar tukunya ita ce ke sa girkin nan ya kama.

Wake shi ke fara hawa wuta

Ki tsince waken, ki wanke sosai, ki tafasa minti goma ki zubar da ruwan farko. Masu ajiyar hatsi da yawa suna sa maganin ƙwari a buhu, wannan tafasar farko tana rage abin da ya maƙale a jikinsa, tana kuma rage kumburin ciki. Ki zuba sabon ruwa ya sha kansa da kamar faɗin yatsu uku, ki dafa minti 40 zuwa awa ɗaya. Tsohon wake ya fi sabo cin wuta. In kin jiƙa shi tun da safe, lokacin zai ragu sosai, gas ma ya huta.

Abin da kike nema: ki matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu biyu ta murƙushe, amma sauran suna nan da siffarsu ba su fashe ba. Ki tsane a kwando, ki ajiye kofi uku na ruwan dahuwar, da shi za ki yi romo.

Kada ki yi gangancin zuba ɗanyen wake ko rabin dafaffe a cikin tumatir da tunanin zai ƙarasa a can. Tsamin tumatir yana ƙanƙame fatar wake, sai ki yi awa biyu kina ƙara ruwa yana nan da taurinsa, dankali kuwa ya riga ya narke. Kanwa tana sa shi laushi da wuri, gaskiya ne, amma in ta yi yawa tana baƙanta romo, ta kawo ɗanɗanon sabulu, ta kuma kashe wasu sinadaran bitamin B da ke cikin waken. In lallai sai kin sa, ɗan mitsitsi ya isa.

Yayin da wake ke kan wuta sai ki markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da rabin albasa, ki ɗora a wata tukunya ba mai, ba murfi, ya tafasa har ruwansa ya ƙone ya yi kauri. Minti goma sha biyar yakan isa. Wannan yana rage man da suyar za ta sha. Ki feraye dankali ki yanka gutsure-gutsure masu faɗin yatsu biyu, ki bar su a cikin ruwa kada su yi baƙi. Karas ki yanka shi da kauri, in ya yi siriri ɓacewa zai yi. Sauran albasa ɗaya da rabi ki yanka dogo-dogo.

Suyar sosej

In daga firiza ya fito, ki tabbatar ƙanƙararsa ta saki gaba ɗaya, ki goge ruwan jikinsa da tsabtataccen ƙyalle. Jiƙaƙƙen sosej ba ya soyuwa, sulala yake yi a cikin ruwansa, man kuma ya yi ta fantsama. Ki zuba mai cokali biyu a tukunyar da za ki yi girkin, wuta matsakaiciya, ki jera su ba tare da sun hau juna ba. In tukunyar ba ta da faɗi, ki soya kashi biyu. Ki bar kowane gefe ya yi minti biyu kafin ki juya. Na gida musamman, in kika taɓa shi da wuri zai manne ya yage, amma in ya yi ɓawo da kansa yake sakin tukunya.

Ɗanyen sosej mai fata kada ki huda shi da cokali mai yatsu, ruwansa ne zai zube ya bushe. In kin ga yana fashewa, wuta ce ta yi yawa. Ba so ake ya dahu a nan ba, launin ruwan ƙasa kawai ake nema a jikinsa, cikin zai ƙarasa a romo. Dafaffen sosej kuma ki yanka kowace sanda gida uku a karkace kafin ki soya. Yankan karkace yana ba da fili mai faɗi da zai taɓa mai, kuma a faranti sai a ga kamar naman ya fi haka yawa. Minti uku zuwa huɗu ya ishe shi.

Ki kwashe ki ajiye. Yanzu ki leƙa gindin tukunyar: za ki ga ɗan ƙanzo mai ruwan ƙasa ya manne, da man da ya canja launi. Kada ki wanke, kada ki sauya tukunya. Rabin daɗin girkin yana cikin wannan ƙanzon. In ya yi baƙi ƙirin ne kawai za ki goge, don ɗaci zai kawo.

A cikin man nan ki juya dankalin, bayan kin tsane shi, minti biyar har gefensa ya fara ja, sannan ki kwashe ki ajiye. Wannan ɗan ɓawon yana taimaka masa ya riƙe jikinsa a romo. In kina sauri kina iya tsallake wannan.

Albasa da tumatir

Ki ƙara sauran man, ki zuba albasa da ɗan gishiri kaɗan, ki rage wuta. Albasa za ta fitar da ruwa, da ruwan nan za ki kankare ƙanzon da muciya har ya narke a cikinta. Ki ba ta minti takwas zuwa goma ta yi laushi ta koma ruwan zuma. Mutane da yawa a nan suke gajen haƙuri, minti biyu sun zuba tumatir, daga baya su ce miya ta yi tsami. Zaƙin albasar da ta soyu a hankali shi ke kashe tsamin tumatir ba tare da an nemi sukari ba.

Sai tafarnuwa da citta dakakku, da kori da tayim, minti ɗaya kawai, tafarnuwa saurin ƙonewa gare ta. Ki zuba tumatirin leda kai tsaye a cikin man ki soya minti biyu zuwa uku har ya yi duhu ya rarrabe. In aka narka shi da ruwa ba a soya ba, ɗanyen ɗanɗanonsa ba ya ɓacewa har a gama ci. Daga nan ki juye markaɗen da kika ƙone ruwansa, da daddawa, ki soya minti goma kina juyawa. Alamar ya soyu: mai ya taso ta gefe-gefe, kumfa ta ɓace, kuma in kin ja muciya a gindin tukunya hanyar tana tsayawa kafin ta rufe.

In dafaffen sosej kike amfani da shi, ga dabarar da ke sa shi ya yi aikin ɗanye: ki ɗauki kwatankwacin sanda biyu daga cikin soyayyen, ki daddatsa ƙanana sosai, ki zuba yanzu a cikin tumatirin. Waɗannan za su sadaukar da ɗanɗanonsu ga romo, sauran kuma su jira ƙarshe su shiga da ƙarfinsu.

Haɗawa

Ki zuba dankali da karas, ki juya su sha miyar. Ki kawo wake, da ganyen bay, da dunƙulen nan ɗaya, da ruwan wake kofi biyu. Ruwan kada ya sha kan kayan. Ya tsaya kamar kashi uku cikin huɗu, kan dankali yana leƙowa. Tukunya a rufe take dahuwa, ruwa kaɗan ke fita, kayan lambu kuma suna ƙara nasu. In kin cika ruwa, farfesu za ki sauke.

Ki riƙe hannunki a kan gishiri. Sosej gishiri ne da shi sosai, kuma sai ya daɗe a romo yake sakinsa. Abin da kika ɗanɗana yanzu kika ji salam, bayan rabin awa zai yi daidai.

Ɗanyen sosej da na gida yanzu za su shiga. Ki jera su a sama, ki ɗan danna su nutse rabi, ki juye ruwan da suka tsatso a faranti. Kada ki juya tukunyar a minti goma na farko. Dafaffen sosej kuma sai saura minti goma a sauke.

Wuta iri uku

A kan gas ko risho, ki bari ya tafaso sau ɗaya, ki mayar da wuta can ƙasa, ki rufe, minti 30 zuwa 35. Ɓararraka ba ta da amfani a nan, ɗan motsi kawai ake so a saman romon. Maimakon juyawa da ludayi, ki kama hannayen tukunya da tsumma ki girgiza ta duk bayan minti goma, don ludayi farfasa dankali da wake yake yi. In tukunyarki siririya ce, ki sa tsohon kasko ko faifan ƙarfe a ƙarƙashinta ya rarraba zafin.

A obin, ki kunna shi tun kina soya albasa, digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, lamba 4 a obin mai gas. Ki juye haɗin yana da zafi a kwanon gashi mai zurfi, ki rufe da murfi ko foyil, minti 35 zuwa 40, sannan ki buɗe ki ƙara minti goma don sama ya gasu. Ki duba tukunyar tukuna: mai hannun roba ba ta shiga obin. Amfanin obin shi ne zafi ta ko'ina yake zuwa, gindi ba ya kamawa, ba kya buƙatar tsayuwa a kai.

Gawayi yana iya ba ki kusan abin da obin ke bayarwa, kuma shi ya fi araha. Bayan ya tafaso a kan kurfoti, ki kwashe fiye da rabin garwashin, ki bar kaɗan a ƙasa, ki jera sauran a kan murfin. Murfin ya zama na ƙarfe zalla, shimfiɗaɗɗe, ba mai marikin roba ba kuma ba na gilashi ba. In yana da doro ki kifa shi, garwashin ya zauna a cikin kwarinsa. Zafin sama zai gasa sosej ɗin, na ƙasa ya riƙe tafasar. Minti 35 zuwa 40. In za ki buɗe ki fara kwashe garwashin da toka, ki ɗaga murfin a miƙe kada toka ta zuba a ciki. Kuma a tsakar gida ko a madafi mai iska ake wannan aiki. Ko sanyin hunturu ya kai yaya, kurfoti ba ya shiga rufaffen ɗaki, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Girki ya yi in wuƙa ta shige dankali ba turjiya. Ɗanyen sosej ki yanka mafi kauri ki duba: ba ja a tsakiya, ruwan da ke fita garau. Mai ma'aunin zafin nama ta nemi digiri 71 a na shanu, 74 a na kaza. Yanzu ne za ki ɗanɗana gishiri ki gyara. Ki watsa lawashi ko koren tattasai, ki cire ganyen bay, ki kashe wuta ki bar shi a rufe minti goma. A wannan hutun ne romon ke kama jikinsa.

In abu ya karkace

Romo ya yi ruwa: ki ɗebi wake ludayi ɗaya da dankali biyu, ki murƙushe su a kwano, ki mayar, ki bar tukunya a buɗe minti biyar. Ba sai kin dama fulawa ba. Ya yi kauri da yawa ko yana neman kamawa: ga kofin ruwan waken da ya rage, ki ɗumama shi ki zuba ta gefe. Ruwan sanyi yana katse dahuwar dankali.

Dankali ya ƙi nuna bayan minti 40: ko an yanka shi manya, ko tumatirin bai soyu ba tsaminsa ya riƙe shi. Ki tsame sosej ɗin gefe don kada ya wuce misali, ki ƙara ruwan zafi rabin kofi, ki rufe. Gaba, in kin san dankalinki mai taurin kai ne, ki sulala shi minti biyar a ruwan gishiri kafin ya shiga.

Gishiri ya yi yawa: maganar a jefa ɗanyen dankali guda ya tsotse gishiri ba ta cika aiki ba, don romon yake sha gaba ɗaya, ba gishirin kaɗai ba. Abin da ke gyarawa shi ne ƙarin kaya marasa gishiri, dafaffen wake ko dankali ko kabeji, da ɗan ruwa. In babu, a ci da farar shinkafar da ba a sa mata gishiri ba.

Ya kama har kin ji ƙauri: kada ki kankare. Ki juye na sama a wata tukunya a hankali, ki bar na gindin. Mai ya yi iyo a sama, wanda yakan faru in tozo ya yi yawa: ki karkata tukunya ki kwashe da cokali, ki ajiye a firji, gobe ki soya ƙwai ko taliya da shi.

Ƙarin hanyoyin rage kuɗi

In baƙi sun ƙaru, wake za ki ƙara, ba sosej ba. Gwangwani ɗaya da ƙarin albasa ɗaya da tumatir biyu za su ɗauki mutum biyu zuwa uku. In dankalin turawa ya yi tsada, dankalin Hausa yana maye rabinsa, sai dai ya fi saurin nuna kuma yana da zaƙi, don haka ki zuba shi minti goma bayan na turawa, ki ɗan ƙara attaruhu da citta. Kabewa ma haka take, har ta fi shi saurin narkewa, tana kuma ba romo kauri. Kabeji kwata guda a minti biyar na ƙarshe yana ƙara auki. Waken gwangwani mai miyar tumatir da ake sa wa girkin nan a wasu gidajen Turai ba ki buƙatarsa. Kuɗinsa ya ninka na waken mudu, ga sukari a ciki.

Ana cin sa haka nan da cokali, ko da burodi a dangwala romon, ko a kan farar shinkafa ko kuskus. In za a ci da masa, wadda ba ta yankewa a Bauchi safe da yamma, ki bar romon da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda aka faɗa a sama, masa tana sha.

Ajiya

Wake da nama a romo ba sa jure zafinmu. Kada ragowar ta wuce awa biyu a waje, in kuwa ana tsananin zafi awa ɗaya ce. Ki raba a ƙananan robobi marasa zurfi don ya huce da wuri, ki sa a firji. In ba a ɗauke wuta ba, yana kwana uku lafiya, washegari ma ya fi daɗi saboda wake ya gama shan romon. In kin san firjinki ba ya samun wuta, ki dafa rabin ma'aunin nan, abin da za a cinye a zama ɗaya. Wajen ɗumame ki ɗebi iya wanda za a ci, ki zuba ruwa cokali uku, ki rufe a kan ƙaramar wuta har ya tafaso tun daga tsakiya. In firiza za ki sa, ki tsame dankalin a ci shi a ranar, domin in ya daskare ya saki yakan koma ruwa-ruwa. Wake da sosej da romon su suna jure daskarewa, sai ki dafa sabon dankali ranar da za ki fito da su.